Shago na Bakwai

Yayana ya yi ritaya daga ofis, kafin wata ya zagayo ya zama masanin harkar gidaje. Abin da ya shiga tsakani wani taron bita ne da ya halarta a wani otal, inda wani mutum mai kwat da zaƙin baki ya koya musu yadda ake fara zuba jari a ƙasa da gini. Yaya ya dawo da takardar shaida, da hular kwano ruwan ɗorawa da aka ba su kyauta, da wata magana guda da ya haddace: duk takun ƙasa da ba ya kawo kuɗin haya asara ne.

A ranar ya tara mu a falon Inna, mahaifiyarmu, hular tana kansa. Ya ce filin da Baba ya bari a can ƙarshen unguwa, wanda ke kallon titi, ya gama zaman banza. Zai zagaye shi da shaguna, daga nan ya sayi na kusa da shi, daga nan unguwar gaba ɗaya, kuma kada mu yi mamaki in muka ji an sa wa titin sunansa. Inna ta tambaye shi ko ya taɓa gina ko da akurkin kaji ne. Ya ce ai shi ba magini ba ne, shi mai hangen nesa ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Inna kuwa ta girme shi da shekarun da suka isa ta haife shi.

Sannan ya juyo kaina. Har yanzu Auta yake ce mini, duk da furfurar da ta fara leƙo mini.

"Auta, ara mini motarki na kwana biyu. Ba wanda zai ɗauki mai gidaje da muhimmanci in ya gan shi yana tsaron tasi."

Motata ƙarama ce, kuma ba sabuwa ba, amma na daɗe ina tsimi daga albashin koyarwa kafin na saye ta. Ban taɓa ara wa kowa ita ba. A cikinta nake kai Inna asibiti duk ranar Talata a duba mata gwiwoyinta, don kujerar gaba na ja da baya sosai, tana iya miƙe ƙafa. Na fara bayanin haka a hankali, sai Inna ta dube ni ta ce yayana ne, kuma kwana biyu ba shekara ba ce. Na miƙa makulli.

Yaya ya kai motar tsakiyar filin ya ajiye, ya ce nan ne ofishin kamfani kafin a gina na gaske. Ya liƙa mata takarda a gilashi mai ɗauke da sunan kamfanin. A ciki yake wuni, na'urar sanyi a kunne, rediyo a kunne, yana kiran leburori ta taga ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba batir ya mutu. Ya sa a turo ta, aka turo ta bisa wani katako mai ƙusoshi, tayoyin gaba suka sace. Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da Yaya yake gaya mini a waya shi ne motar tana kan aiki, kuma ita ma yanzu tana da hannun jari.

Don kada ƙura ta ɓata ta, ya rufe ta da tampol. Don kada iska ta ɗauke tampol ɗin, aka danne shi da buhunan siminti. Da leburori suka ga wuri mai tudu, sai suka jingina katakai a jikinta, suka rataya rigunansu. Yaya ya kafa tebur da kujera a inuwarta. Daga ranar ba wanda ya sake ce mata mota, kowa ofis yake cewa. A ajiye shebur a bayan ofis, a kira Yallaɓai yana gaban ofis.

Mai zanen gini ne ya fara barin aikin. Ya zo da zanensa, ya bar fili don iska, ya bar hanyar ruwa, ya bar babbar ƙofa. Yaya ya ɗora yatsa a kan duk wani wuri da ba a zana ɗaki ba, yana tambayar wa zai biya hayar iskar. Mutumin ya nannaɗe takardarsa ya tafi. Yaya ya ce dama zane ne kawai, shi ma ya yi zane a firamare. Ya ɗauki kara ya shata shagunan a ƙasa. Da birkila ya ciro igiyar awo, ya ce ya mayar aljihu, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Birkilan mutum ne mai sauƙin kai, kuma da yawan bulon da ya jera ake biyansa. Saboda haka duk abin da Yaya ya ce, amsarsa guda ce: "Yadda ka ce, Yallaɓai."

Motar yashi ta farko ta juye a ƙofar shagon mai aski da ke gefe, don Yaya ne ya tsaya yana ba direban hannu. Mai askin ya wuni yana yi wa mutane aski a waje, a kan tudun yashi, yana gaya wa kowa cewa shi ne ɗan unguwa na farko da ci gaba ya iso ƙofarsa. Sai kuma Yaya ya ji ana gwanjon ƙofofi a wani wuri, ya kwaso su duka da arha kafin a aza ko bulo ɗaya. Da aka sauke su sai aka ga ƙofofin banɗaki ne, sirara. Ya ce ba komai, a gina shagunan daidai da ƙofofin. Mai aski ya leƙa na farko da aka gama, ya fito a karkace, ya ce wurin ya yi kyau ƙwarai, in dai mai saye zai yarda ya bar ƙafafunsa a waje.

Yaya ya ce masa masu ƙaramin tunani su ne taki ga masu babban tunani, haka aka koya musu. Mai aski ya ce to Allah ya ba da damina.

Ni kuwa ina ta fama da tasi. Direbobin ba sa yarda su shigo har ƙofar gida, sai mun tako zuwa bakin titi, Inna na dafe da kafaɗata. A ciki kuma a takure take zama, gwiwoyin nan a naɗe, mu isa asibiti tana cije leɓe. Wata Talatar ruwan sama ya hana mu samun mota, muka rasa ganin likita. Inna ba ta yi ƙorafi ba, tunda ita ta ce a ba da makullin, amma ta fara tambayata kowace safiya ko kwana biyun sun cika.

Na je wurin ginin sau da yawa. Kullum a bakin titi Yaya yake tare ni. Ya ce doka ce, ba a shiga wurin gini sai da hular kwano. Hular kuwa ɗaya ce, kuma tana kansa. Ta bayan kafaɗarsa nakan hango tudun tampol da siminti, bango na tashi a kewaye, shi kuma yana ba ni tabbacin cewa motar ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba.

Daura da filin, a tsallaken titi, akwai mai kantin magani. Tare suka yi makaranta da Yaya, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Mai Magani yana da jerin shaguna shida da ya gina a hankali cikin shekaru. Da ginin Yaya ya kai rufi, shi ma shida ne: biyu a gaba, sauran a gefe da baya, da babban wurin shiga a tsakanin na gaban. Mai Magani ya tsallako wata safiya, hannuwansa a baya, ya ƙirga su da leɓe, ya ce madalla, ashe dai mai takardar shaida ya kamo wanda ba shi da ita.

"Kamowa?" in ji Yaya. "Kai ne ma'aunina?"

"Shida da shida dai. Ko a taron naku an canza lissafi?"

"Wa ya ce maka na gama?"

Mai Magani ya waiga hagu da dama, ya ce shi bai ga sauran ƙasa ba, sai dai ko a sama za a rataye na bakwai. Yaya ya juya ya dubi wurin shigar nan mai faɗi. Leburori sun ce ya daɗe yana dubansa, leɓɓansa na motsi, kamar mai tuna karatu. Sannan ya kira birkila ya ce wannan wurin asara ne tsantsa, a mai da shi shago, a bar siririn lungu a gefe wanda mutum zai bi da ƙafa.

Birkila ya dubi lungun da aka shata, ya dubi ofis, ya buɗe baki ya ce, "Yallaɓai, to ita..." Yaya ya ɗaga masa hannu. Ya ce ya gaji da masu kawo matsala, shi masu kawo bulo yake nema. Birkila ya ce yadda ka ce, Yallaɓai, ya tafi kwaɓa siminti da alamar an sauke masa nauyi.

Duk unguwar ta gani. Mai aski ya juya kujerar jiransa ta koma kallon ginin, kuma aka ce bai taɓa samun masu son aski irin na lokacin ba, har da masu sanƙo. Ba wanda ya ce uffan. Yaya ya riga ya kira su masu ƙaramin tunani, su kuma suka yanke shawarar su zauna a matsayinsu. Ni dai na lura gaisuwarsu ta canza. Mai aski yakan miƙe tsaye in zan wuce, ya tambaye ni ko na shaƙu da motar sosai. Mai Magani ya ba ni maganin ciwon kai kyauta, ya ce in adana, ba a san ranar buƙata ba.

Shago na bakwai ya fi sauran samun gata. Shi kaɗai aka saya wa ƙofar gaske. A goshinsa aka kafa allon kamfani, wanda ya fi shagon faɗi, har ya leƙa kan na kusa da shi. Yaya ya ce nan zai koma da ofis.

Ranar buɗewa ya yi hayar rumfa da kujerun roba da lasifika. Ya ɗaura jan ƙyalle a bakin lungun, ya ce Inna ce za ta yanka. Muka zo a tasi kamar kullum. Ya tare mu da fara'a, ya ce wannan ce tasi ta ƙarshe da Inna za ta shiga a rayuwarta, don ya shirya mana abin mamaki. Mai Magani yana sahun gaba, ya sa sababbin kaya. Ban taɓa ganinsa a taron Yaya da wuri haka ba.

Yaya ya yi dogon jawabi. Ya yi magana a kan hangen nesa, da yadda manyan birane suka faro daga mutum ɗaya mai zuciya. Ya ce akwai masu gina shida su tsaya, Allah ya ba su haƙuri. Ya shawarci matasan da ke wurin su zo ya koya musu sirrin harkar, kuɗin rajista ba yawa. Inna ta yanka ƙyalle, aka tafa, muka bi lungun ɗaya bayan ɗaya. Wani mai jiki sai da ya cire babbar rigarsa ya riƙe a hannu.

A tsakar ginin an kwashe siminti da katakai, saura tampol. Yaya ya ɗauki lasifika ya ce shi ba mai manta alheri ba ne. Ƙanwarsa ta ara masa mota lokacin da ba wanda ya yarda da shi, yau zai mayar mata a gaban shaidu, kuma da kansa zai tuƙa mahaifiyarsa zuwa gida. Ya fizge tampol ɗin. Ga motata an wanke ta tana sheƙi, da sabon batir da sababbin tayoyi. Gaskiya na ji daɗi, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa.

Ya buɗe wa Inna ƙofar gaba, ta zauna ta miƙe ƙafafunta, ta sauke ajiyar zuciya. Ya zagaya ya shiga, ya tayar, ya danna hon sau biyu don jama'a su ba da hanya. Jama'a suka ba da hanya da sauri, kowa ya manne da bango. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya, hancinta na kallon lungun da mai jiki ya cire riga kafin ya wuce.

Yaya ya sa giyar baya, ya juya ta hagu, ya tarar da ƙofar banɗaki. Ya juya ta dama, ya tarar da wata. Ya zagaya tsakar ginin a hankali, kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ya dawo daidai inda ya tashi. Ya kashe motar, ya fito, ya tafi bakin lungun ya buɗe hannuwansa ya auna, ya dawo da hannuwan a buɗe ya kara a gaban motar. Bai kai ko rabi ba. Ya sake komawa ya auno, ko lungun ya ƙaru.

Mai aski ne ya fara magana, cikin ladabi. Ya ce ko a kawo igiyar awo, ko ido ya wadatar.

Daga nan shawarwari suka ɓarke. Wani ya ce a kwantar da ita a gefenta a tura. Wani ya ce a kwance ta gunduwa-gunduwa a fitar a buhu. Wani ya ce a kira motar ɗaga kaya, sai aka ɗaga kai aka ga wayoyin lantarki sun gitta ta sama, ga kuma kwanon da Yaya ya sa aka zarto da shi don kada sararin sama ma ya tafi a banza. Mai Magani ya ce a bar ta kawai, a sa mata ƙofa, ta zama shago na takwas.

Yaya ya gyara hularsa ya ɗauki lasifika. Ya ce jama'a su kwantar da hankali, ba kuskure ba ne. A manyan ƙasashe wannan shi ake kira ingantaccen tsaro, kuma ya ƙalubalanci duk ɓarawon da ke ji da kansa ya zo ya gwada. Ya juyo gare ni ya ce, "Auta, kin taɓa ganin mota cikin aminci irin wannan?"

Na ce ban taɓa ba. Na ƙara da cewa jibi Talata.

Duk wannan Inna na zaune a kujerar gaba, almakashin yanka ƙyalle na kan cinyarta. Ta sauke gilashi, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, wanda ba zan rubuta ba don ya isa haka. Ya sunkuyo.

"Na zauna, kuma ƙafata ta miƙe. Ba zan sauka ba sai a ƙofar gidana. Ko motar ta fita, ko ka ɗauko gidan ka kawo nan."

Ya fara yi mata bayanin darajar gini da tsadar siminti, da abin da masana ke cewa. Ta ɗaga gilashin.

Birkila yana nan cikin 'yan kallo, kuma abin mamaki, da gudumarsa ya zo biki. Yaya ya zagaya da shi yana neman bangon da za a fasa. Ta baya gidan mutane ne, ta gefe shagon mai aski, wanda ya ce shi ci gaba ya riga ya ziyarce shi sau ɗaya, ya yafe na biyu. Hanya guda ce ke fita titi, ita ce wadda motar ta bi ta shigo. Yaya ya tsaya gaban shago na bakwai, ya dubi allon, ya dubi Mai Magani, ya dubi gilashin da Inna ta rufe. Ya ce a fasa, da murya ƙasa-ƙasa, ya manta lasifikar na hannunsa a kunne.

"Yadda ka ce, Yallaɓai," in ji birkila, ya kuma tambaya ko rushewar ma da bulo za a ƙirga.

Aka janye kujeru, aka sauke allo, leburori suka shiga aiki. Mutane ba su watse ba, har daga wasu layukan aka ƙaru. Mai Magani ya tsaya yana cewa ba komai, shida da shida ma zumunci ne. Bai rufe baki ba aka ji wata ƙara. Ashe don tsimin bulo Yaya ya hana a yi wa na bakwai bangonsa, aka ɗora rufinsa da na shagon dama a kan bango guda. Da aka cire wancan, na daman ya yi ɗan tunani, ya sunkuya, ya zauna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, dama ba mai iya shiga.

Da ƙura ta lafa, Mai Magani ya ƙirga da leɓe, ya tsaya a biyar. Ya je ya kama hannun Yaya ya girgiza, ya ce Allah ya sanya alheri.

Aka share hanya. Na karɓi makullina na zauna a mazaunina, na gyara madubi. Wurin fita yanzu ya isa babbar mota ta wuce ba tare da ta rage gudu ba. Yaya ya tsaya a tsakiya da hularsa, fari fat da ƙura, yana ba ni hannu, yana gaya wa matasan nan cewa faffaɗar ƙofa tana ƙara wa gini daraja, kuma dama wannan shi ne mataki na biyu a tsarinsa. Ban bi hannunsa ba, na bi idona.

Da na zo daidai shi ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya sunkuyo ya ce mini a asirce, motar ta daɗe a ajiye a wuri mai tsaro, kuma a ƙa'ida akwai kuɗin ajiya, amma saboda zumunci ya yafe. Na yi masa godiya.

Ya leƙa wajen Inna ya ce in ta huta zai shigo su yi magana, don ya lura falonta ya yi mata faɗi da yawa, ga tsakar gida na zaman banza.

Inna ta miƙa masa almakashinsa ta taga.

"Allah ya yi maka albarka. Amma gidan da nake ciki, don girman Allah, kada ka inganta shi sai na mutu." Ta gyara zamanta. "Auta, ja mu tafi, kafin ya hango wani abin."